Zaman ɗakin amarya a Yamai

Zaman ɗakin amarya shi ne rayuwar da yarinya ke shiga tun daga daren da aka kai ta gidan miji har ranar da mutane suka daina ce mata amarya, wanda galibi sai ta yi haihuwar fari ko an kawo wata sabuwa a gidan, wata kuma sunan ya bi ta har tsufa. A Yamai, inda Hausawa ke zaune cuɗe da Zabarmawa da Fulani da Buzaye, zaman nan ya haɗa abu biyu, akwai al'adar da iyaye suka taho da ita daga Adar ko Gobir ko Arewa ko Damagaram, akwai kuma abinda birni ya ɗora ma mutane, gidan haya da kuɗin kuran (wutar lantarki) da salula. Yawancin daɗin da ke cikinsa ƙananan abubuwa ne da a karon farko a rayuwarta ake cewa nata ne ita kaɗai, ɗaki da tukunya da ɗan abinda ta ƙulle a bakin zane.

Shekarunta

Nijar na cikin ƙasashen da aka fi aurar da ƴan mata da wuri a duniya. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na mata ana yi musu aure kafin su kai shekara 18, kashi 28 kuma kafin 15. Amma amaryar Yamai ta fi ta ƙauye shekaru, da yawa sun yi kwaleji ko lise, wasu ma suna jami'ar Abdou Moumouni can ƙetaren gulbin da ya ratsa garin aka ɗaura, shi yasa a birni za ka ga amarya da littafi a hannu ɗaya cefane a ɗayan.

Ɗakin kansa

Namiji shi ke kawo sadaki da akwatin lefe, wanda a Yamai aka fi ce ma valiz, shi kuma ke nemo wurin zama. Cika ɗaki kuwa aikin iyayen amarya ne, musamman uwa, wadda wata tun ɗiyar tana firamare take tara kwanoni da tasoshi ɗaya bayan ɗaya tana turawa ƙarƙashin gado. In biki ya matso sai a shiga Babbar Kasuwa da Wadata da Katako a haɗo gado da katifa da armuwar da kujerun salon da labule da kuloli, dangi da ƙawayen uwa kowa ya kawo gudummuwarsa don ita ma ta kai musu a nasu bikin. Kayan nan duka mallakar amarya ne, miji na kwana kan gadon amma ba nashi ba ne, in zama ya ƙi da kayanta take fita. Wannan ne yasa jeren ɗaki ba ado ba ne kawai, dukiya ce, kuma mata ƴan ganin ɗaki in sun shigo suna ta barka da arziki idonsu na ƙirga komi.

Ma'aurata da yawa a gidajen nan na haya masu jerin ƙofofi suke farawa, ciki da salon, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, a unguwanni irin su Bukoki da Lazare da Talaje da Banifandu. Da sassafe bayan sallar asuba amarya za ta share ƙofarta har rairayin ya yi layi-layi na tsintsiya, ta yayyafa ruwa ƙura ta kwanta, ta goge ledar ɗaki, sannan ta ɗebo garwashi a kasko ta zuba turaren wuta ta rufe ƙofa da taga hayaƙin ya kama labule da zannuwan gado. Mai wucewa ta ƙofar tun daga nesa ya san ɗakin amarya ne. Maƙwabta ma da wannan suke auna ta, wai in turare ya fara raguwa to amarci ya fara tsufa, ko da yake gaskiyar magana sau da yawa kuɗin turaren ne ya ƙare.

Tukunya da kuɗin cefane

Kwanakin farko ba ta girki, daga gidansu ko gidan surukai ake aiko abinci, sai bayan sati guda ko abinda ya fi haka ta ɗora tukunyarta. Girkin farkon nan jarabawa ce ba wasa, don kwano zai je gidan uwar miji, kuma duk da ana cewa amarya ba kya laifi, gishiri in ya zarce sai an yi shekara ana tuna mata cikin raha.

Abincin gidan Bahaushen Yamai ya wuce tuwon hatsi da miyar kuka ko ta kuɓewa. Akwai shinkafa da miyar ja, shinkafa da wake da mai da yaji, maka (makaroni), dambu da kopto na zogale da ƙuli-ƙuli wanda aka koya wajen Zabarmawa har ya zama na kowa, miyar faku, kifin gulbi, ga aceke da aloko da masu zuwa Abijan suka saba ma mutane da su. Albasa kam ta Galmi ce, wagga mai ruwan shuni da ake nomawa a jihar Tawa. Fura ba ta fita daga gida, sai dai amaryar birni ba kasafai take daka ba, injin niƙa take aika yaro ko ta saye a ƙulle. Tun da matatar mai ta SORAZ a Damagaram ta fara aiki a 2011 gaz ya yawaita a birni, ƙaramar tukunyar kilo 6 ta shiga cikin kayan ɗakin amare, wannan ya rage ma mata hayaƙin icce sosai, amma kowa na ajiye gawayi don ranar da gaz ya ƙare tuwo na kan wuta.

Nan ne kuma ake koyon lissafi. Maigida zai ajiye kuɗin cefane da safe, jika ɗaya ko biyu gwargwadon ƙarfinsa, in mai hali ne ya sauke buhun shinkafa da jarkar mai a farkon wata. Ita ce za ta raba kuɗin tsakanin nama da tumatir da tattasai da magi da mai garuwa in famfo bai kawo ba, kuma macen da ta iya sai ta fitar da dala ashirin ko arba'in ta jefa a gwangwani ba tare da miya ta nuna ba. Maza da yawa sun san da gwangwanin, suna yin kamar ba su sani ba, don ranar da wata ya yi nisa daga nan ake ranta musu kuɗin taksi.

Zama da mutane

Amarya ba ta kiran sunan mijinta a gaban mutane, maigida ne ko Malam ko Alhaji, bayan haihuwa ya koma baban wane, duk da ƴan zamani a WhatsApp sunayen da suke saka ma juna ba sa faɗuwa gaban manya. Uwar miji Inna ce ko Hajiya, ana durƙusa mata a gaishe ta, "Inna ina kwana, an tashi lafiya?", ita kuma ta ce "lafiya lau ɗiyata, ya baƙunta?" Ƙannen miji abokan wasa ne, su ne masu shigowa su buɗe kula ba sallama su ce matarmu me aka dafa mana. Wadda ta faɗa babban gida tana da facaloli, matan ƴan uwan miji, zama da su in ya yi daɗi ya fi komi rage kewar gida, kitso da tsinkar zogale da hira duk tare, in bai yi ba kuma famfo da igiyar shanya kaɗai sun isa faɗa. Maganar kishiya ma tana nan a bayan zuciya, binciken 2012 ya ce kashi 36 cikin ɗari na matan aure a ƙasar suna da abokiyar zama, saboda haka ba abin mamaki ba ne in ta ji maigida yana yawan fita da turare ta tsargu.

Salula ta canja kewa. Da, amaryar da aka kawo daga Tawa, tafiyar sama da kilomita 500, sai ta yi watanni ba ta ji muryar uwarta ba, yanzu kuwa saƙon murya ne ke kai da kawowa duk yini, har yadda ake kaɗa miya ana tambaya. Haka matan da mazansu ke tafiya bida, abinda Adarawa suka yi suna da shi, Abijan ko Libiya ko Najeriya, kiran bidiyo da dare da saƙon kuɗi ta Nita ko Amana ko Al Izza su ne ke riƙe da auren har ya dawo.

Lokacin da yawancinsu suka fi so shi ne bayan isha'i, musamman a bazara, watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40 ɗaki ba ya shiguwa. A shimfiɗa tabarma a waje, maigida ya ɗora shayi kan ɗan murhu, a kunna tele ko a kalli fim ɗin Kano a waya, in an ɗauke kuran kuma sai mafici da hira, a nan ne ake zancen abinda za a saya in albashi ya faɗo.

Foyandi da neman na kai

Foyandi taron mata ne na yini guda da ake zagayawa gida-gida, galibi ƙarshen sati ko ƙarshen wata, kowace ta zuba kuɗin adashe a ba wadda ake gidanta, a ci a sha a yi rawa. Ga amarya ranar da zagaye ya zo kanta babbar rana ce, ranar za a ga ɗakinta da hannunta a girki, kuma ranar za ta riƙe kuɗi masu kauri da ba miji ya ba ta ba. Wasu na kushe foyandi da cewa gasar anko ce da ɓarnar kuɗi, kuma akwai ƙamshin gaskiya, amma firigo nawa aka saya da shi a garin nan ba su ƙirguwa. Asusun mata daɗaɗɗen abu ne a Nijar, tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maradi a 1991 daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da dama.

Firigon nan shi ne jarin farko na mata da yawa, ƙanƙara da zoɓo da lemun hari da yawur a ƙulla a leda, in azumi ya faɗo cikin zafi yara har layi suke a ƙofa kafin magariba. Wasu turare da humra suke haɗawa, wasu ƙunshi, wasu ɗinki, wasu kuma atamfa da shadda suke ɗorawa a status ƙawaye su zaɓa a biya kaɗan-kaɗan. Ranar 13 ga Mayu, ranar matan Nijar da ta samo asali daga zanga-zangar da mata suka yi a Yamai a 1991 don a ba su gurbi a shirin babban taron ƙasa, ita ma kasuwa ce, don akwai atamfar da ake fitarwa ta ranar.

Layyar farko

Babbar sallah ta farko a ɗakinta tana da nata matsayi. A Yamai ana feɗe rago a buɗe shi a soke da itace, a jera raguna kewaye da wuta a bakin titi su yini suna gasuwa, maza na juya su suna shafa mai, sai washegari a yanka a raba. Mata kuma na ciki da kayan ciki, wanki da naɗin hanji da suya. Amarya za ta zaɓi cinya mai kyau ta aika gidansu, wani kason gidan surukai, sauran ta soya shi ƙarau ta barbaɗa yaji ta rufe a babban kwano, wadda ta iya tattali sai ya kai ta watanni ana tsinta a miya. In ragon maigida ne ya saya da kuɗinsa ba na babansa aka raɓa ba, to ranar ta san ita ma matar gida ce.

Abinda take fata

Na farko haihuwa, kuma ba ita kaɗai ke jira ba, wata uku da biki an fara kallon ta ana murmushi, wanda hakan nauyi ne babba ga wadda Allah bai kawo ma da wuri ba, kuma kusan kullum ita ake kallo ba a kallon mijin. In ciki ya tsufa ana maida ta gidansu goyon ciki, ta haihu gaban uwarta, a yi suna ranar bakwai, ta yi wankan jego da kunun kanwa har arba'in sannan ta dawo da ƙiba da sabbin kaya. Tun 2006 gwamnati ta ce awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, haihuwa mai gardama kuma ana tura ta babbar matanite ta Issaka Gazobi. Yawan haihuwa ma yana sauka, daga 7,6 ga kowace mace a 2012 zuwa 6,2 a binciken 2021, a birni kuma zancen hutu tsakanin haihuwa ya daina zama abin raɗa.

Sai karatu ko aiki ga wadda ta fara, ta samu bak ɗinta, wato jarabawar ƙarshen lise, ko ta gama makarantar malanta ko ta ungozoma, da yawa iyaye kan sa wannan sharaɗi tun wajen neman aure, cika shi kuma ya danganta da mijin da kuma wanda zai riƙe mata jariri. Makarantun islamiyya na matan aure da yamma su ma sun cika unguwanni, nan ake sauke Alƙur'ani a yi walima.

Sai kuma babban burin da ke haɗa ta da maigida, fita daga haya. Garin da ƙidayar 2012 ta ba mutum sama da miliyan ɗaya kullum faɗi yake, masu ƙaramin ƙarfi can bakin gari suke samun fili, wajen Kwara Tegi ko Niamey 2000 da gaba, kuma tun ambaliyar 2020 da ta cinye gidaje a unguwannin bakin gulbi mutane sun koyi tambayar inda ruwa ke bi kafin su biya. Ginin ba a yin sa lokaci guda, bana a buga bulo, baɗi a zagaye, in an samu a tada ɗaki biyu a rufa kwano a tare ko ba filasta, kuma sau da yawa kuɗin ƙofa da taga daga adashenta suke fitowa, wani lokacin har da ɗan kunnen zinaren da aka sa mata a valiz.