Wankin Rigar Aiki da Korar Sauro a Daminar Katsina

Tambaya: Me ya sa rigar aiki, wato babbar riga mai adon zare, take dusashewa bayan wanki?

Amsa: Yawancin ɓarnar daga sabulu take zuwa. Alharini, da zaren tsamiya da ake ɗinka aikin wasu manyan riguna da shi, da ulu, duk daga jikin tsutsa ko dabba suke fitowa, shi ya sa bilic da kanwa da sabulun gari mai kaifi suke cin su a hankali har zaren ya yi gautsi. Ruwan zafi kuma yana sa ulu ya tsuke, kuma da wuya ya koma yadda yake.

Tambaya: To, yaya ya kamata a wanke ta?

Amsa: A juya rigar, a narka sabulu mai laushi kaɗan a ruwan sanyi, a tsoma ta na 'yan mintuna ana dannawa da tafin hannu, ba tare da an cuɗa wurin aikin ko an goga shi da buroshi ba. Idan an ɗauraye, kada a murɗe ta. A naɗe ta cikin tawul ya tsotse ruwan, sannan a shimfiɗa ta a inuwa, domin ranar Katsina tana saurin cin launi, igiya kuwa tana sa nauyin ruwa ya ja wuyan rigar. Saƙi mai rinin baba a wanke shi shi kaɗai, saboda yana zuba. Shadda idan ta bushe, masu bugu sun fi dutsen guga dawo mata da sheƙinta.

Tambaya: Akwai maganin sauro na gida ga mai zaman hira a waje?

Amsa: Akwai man bedi, wanda wasu suke kira darbejiya. Ana zuba ƙaramin cokali ɗaya a cikin kofin man kwakwa, a shafa a ƙafa da hannu bayan an gwada a ɗan wuri, amma ƙarfinsa ba ya kai safe, kuma ba a shafa wa jarirai ko a bari yaro ya sha. Hayaƙin ganyen bedi ko na busasshen ɓawon lemu yana rage sauro a tsakar gida, sai dai mai asma ya nisance shi.

Tambaya: Za a iya shafa man a jikin tufafi?

Amsa: A'a, maiƙonsa yana kama alharini ya bar tabo mai wuyar fita. A bari fata ta sha man kafin a sa riga.

Tambaya: Shin wannan ya wadatar a bar gidan sauro?

Amsa: Ko kusa, musamman ga yara da masu juna biyu, domin sauron da ke kawo zazzaɓin maleriya ya fi cizo da tsakar dare. Gidan sauro mai magani an yi shi ne ya jure wanki kusan 20 cikin shekara 3, muddin da sabulu mai laushi aka wanke shi, aka kuma shanya shi a inuwa.