Mutuwa a wurin aiki

Mutuwa a wurin aiki ita ce ma'aikaci ya rasa ransa sanadin hatsarin da ya same shi yana bakin aiki, ko nan take ko bayan ya sha jinya. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya ILO ta ce a rahotonta na 2023 kusan mutum miliyan 3 ne ke mutuwa duk shekara ta dalilin aiki, amma fa yawancinsu cuta ce ke cinsu a hankali, waɗanda hatsari ke kashewa kai tsaye wajen 330,000 ne.

Noma (har da kamun kifi da saran itace), haƙar ma'adinai, gini da masana'antu su ke kwashe sama da kashi 60 cikin ɗari na waɗanda hatsari ke kashewa, kuma abin da mutane ba su cika sani ba, ɗaya cikin uku ma'aikacin gona ne. A Amurka inda suke ƙirga komai, mutum 5,283 suka mutu a 2023, hatsarin abin hawa ne kan gaba. A wajen gini kuwa sanadin bai cika wuce huɗu ba: faɗowa daga sama, abu ya faɗo wa mutum, shokin lantarki, sai inji ya kama mutum ko ƙasa ta rufta da shi.

Galibi akwai alama tun kafin abin ya faru. Benen Rana Plaza a Bangladesh, ana gobe zai rushe aka ga bango ya tsage, banki da shagunan ƙasa suka kulle, amma masu ɗinki na masana'antun tufafin da ke cikin benen aka ce su koma kan keke, washegari 24 ga Afrilu 2013 ya rufta ya kashe mutum 1,134. Wannan ganganci ne kawai. Haka bene mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ta Legas a Nuwamba 2021 ana cikin ginin shi, sama da mutum 40 suka tafi, a watan ne kuma ramin zinare ya rufta a yankin Ɗan Issa ta jihar Maraɗi ya kashe aƙalla 18.

A Najeriya dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa hukumar asusun inshorar ma'aikata ta NSITF biyan iyalan mamaci, sai dai leburan da ake sallama kullum da yamma da mai haƙa a ramin gargajiya galibi ba sunansu a rajistar kowa, shi ya sa alƙaluman ƙasashenmu ba su kai gaskiyar abin da ke faruwa ba.