Idan 'yan ta'adda sun fito daga ƙasar maƙwabta, laifin gwamnatinta ne?

Jama'a mu nan Maraɗi ba baƙon abu ba ne a gare mu, 'yan bindiga su tsallako iyaka ta wajen Madarunfa ko Gidan Runji su kwashe shanu su sace mutane su koma, kowa na cewa ai gwamnatin can ce ta sake. To irin wannan gardamar ce tsakanin Indiya da Pakistan, sai dai su kowacce na da bam ɗin nukiliya, dukkansu sun yi gwaji a 1998.

Dokar ƙasa da ƙasa ta raba laifin gida biyu, kuma nan mutane ke rikicewa. Na farko shi ne a ce gwamnati ce ta aike su. Wannan yana da wuyar tabbatarwa ƙwarai. Kotun Duniya, a shari'ar Nikaraguwa da Amurka ta 1986, ta ce bai wa mayaƙa kuɗi da makamai da horo laifi ne, amma hakan kaɗai bai isa a ɗora wa gwamnati kisan da suka yi ba, sai an nuna ita ke riƙe da akalar harin kansa. Na biyu shi ne sakaci, ka san suna cikin ƙasarka ka kau da kai. Kamar mai shanu ne, ko kai ka kora su gonar gero ko ka bar su suka shiga kana kallo, duka akwai biya amma ba iri ɗaya ba. Ƙudurin Kwamitin Tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 1373 na 2001 ya wajabta wa kowace ƙasa ta hana 'yan ta'adda mafaka ta kuma riƙe kuɗinsu.

Indiya na cewa ƙungiyar 'yan ta'adda ta Lashkar-e-Taiba, wadda ta kashe mutum 166 a Mumbai a 2008, da ƙungiyar Jaish-e-Mohammed da ta ɗauki alhakin kashe jami'an tsaro 40 a Pulwama, a yankin Kashmir da ke hannun Indiya, a 2019, a Pakistan suke zaune. Pakistan na musun hannun gwamnatinta, tana cewa a kawo hujja, ita ma ta'addanci na cin mutanenta.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne sashe na 51 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya yarda ƙasa ta kare kanta idan an kai mata hari da makami. Shin sakacin maƙwabci ya isa ka jefa bam cikin ƙasarsa? Masana doka har yau ba su haɗu a kai ba, ni dai a ganina bai kamata wanda aka cuta ya zama shi ne alƙali ba, balle da nukiliya a gefe. Bayan kashe mutum 26 a Pahalgam, shi ma a yankin Kashmir, a Afrilun 2025, Indiya ta kai hari cikin Pakistan ranar 7 ga Mayu, aka yi ta musayar wuta har 10 ga wata kafin a tsagaita, tun a Afrilun kuma Indiya ta dakatar da yarjejeniyar ruwan kogin Indus ta 1960, ruwan da manoman Pakistan ke noman rani da shi, su da ba su kashe kowa ba.