Harbe koyoti ba ya rage su a gona

A karkarar Amurka akwai wata dabba da suke kira koyoti, kamar dila take amma ta ɗan fi shi girma, ita ce ke ɗauke wa manoma kaji da kyanwa har da ƙananan karnuka. To mutane da yawa can sun yi imani cewa maganinta kawai bindiga ko guba, a kashe a huta. Wallahi ba haka abin yake ba.

Tun 1931 gwamnatin Amurka ta yi dokar kashe irin waɗannan dabbobi, har yau dubun dubata ake kashewa duk shekara, amma yanzu koyoti na ko'ina a ƙasar in ban da Hawai. Dalili kuwa su miji da mata ne ke riƙe da yanki guda suna korar baƙi, in ka harbe su sai yankin ya zama ba mai shi, wasu su shigo, abinci ya wadata, matan su fara haihuwa da wuri kuma 'ya'yan su fi rayuwa. Ka kashe biyu ka jawo wasu.

Abin da ke aiki shi ne a shigar da kyanwa da ƙaramin kare ɗaki kafin magariba, kar a bar kwanon abincinsu a waje, a yi shinge mai tsayin kamar ƙafa 6 a binne gindinsa don suna tona ƙasa. Masu tumaki ma jaki suke sakawa cikin garke, shi kam da ya hango koyoti zai bi shi da harbi da cizo.