Dokar masu buƙata ta musamman: daga takarda zuwa bakin ƙofa

A watan Janairun 2019 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar da ta haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Najeriya. Wanda ya nuna wa gurgu ko makaho ko kurma wariya saboda lalurarsa, tarar naira dubu 100 ce ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. In kamfani ne, naira miliyan ɗaya. Haka ma wanda ya ɗauki naƙasasshe yana yawon bara da shi, laifi ya yi.

Sa hannu abu ne mai sauƙi. Aikin yana farawa ne daga wanda zai bi sawu, shi ya sa aka kafa hukumar ƙasa mai kula da masu buƙata ta musamman a 2020, domin karɓar koke-koke da sa ido kan ma'aikatu. Sai dai hukuma ba ta motsi sai an sakar mata kuɗin kasafi.

Gine-gine su ne wurin da ake gane gaskiyar magana. Dokar ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar su yi gangaren da keken guragu zai hau, su gyara ƙofofi da banɗakuna. Wa'adin ya cika a Janairun 2024, amma ka leƙa asibitoci da bankuna da sakatariyoyin ƙananan hukumomi, matakala ce ke fara tarbarka. A nan dokar ta yi dabara: jami'in da ya amince da zanen ginin da bai cika sharuɗɗan ba, shi ma yana fuskantar tarar aƙalla naira miliyan ɗaya ko ɗaurin shekara biyu, ko duka biyun. A ganina wannan sashe ya fi kowanne amfani, domin gyara zane a takarda ya fi fasa siminti arha.

Akwai kuma tanadin aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati ga masu buƙata ta musamman, da karatu kyauta har sakandare, da ba su fifiko a layi.

To amma yawancin makarantun firamare da ƙananan asibitoci a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke. Dole kowace jiha ta yi tata dokar, ta kafa tata hukumar, ta ware kuɗi. Filato da Legas sun riga tarayya yin haka, wasu jihohin kuwa sun sa hannu sun tsaya nan, ba ofis, ba ma'aikata.