Zaman Bakin Iyaka a Kudancin Damagaram: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa ake cewa mutumin ƙauyen bakin iyaka ya fi sauƙin neman na kai?

Kasuwa biyu gare shi, ta Nijar da ta Najeriya. Manomin Magarya ko Dungas ko Matamaye, in ya gama roron wake, yana iya kai shi Damagaram, yana kuma iya tsallakawa Maigatari ranar Alhamis ko Mai'aduwa ranar Lahadi. Inda farashi ya fi kyau can zai nufa. Mai rago ko raƙumi ma haka: a Maigatari fatake ke lodin dabbobi zuwa kudancin Najeriya. Ya sayar, ya sayo masara da taki da atamfar uwargida, ya kwana a ɗakinsa. Mutumin Tanut da ke can arewacin jihar kuwa kuɗin mota kaɗai ya cinye masa rabin ribar.

Kuɗi iri biyu ba ya rikita ciniki?

An saba. Sefa a ɗaure take da yuro, naira kuma hawa da sauka take yi. In naira ta faɗi, mai sefa a aljihu ya ci arha a can, amma wanda ya sayar da dabba ya karɓi naira zai ji a jikinsa wajen 'yan canji. Shi ya sa ko mai tuyar ƙosai ta san canjin yau kafin ta ɗora kasko.

Ƙasar fa, tana ciyar da mutum?

Nan ne raina ya fi kwanciya. Kudancin jihar ya fi arewa samun ruwan sama, ga fadamun Korama inda ake noman rake da rogo da kayan miya har cikin rani. Ku dubi gawon da ya cika gonakin Magarya da Matamaye. Manoma ne suka bar tohonsa lokacin sassabe har ya zama daji. Da damina yakan zubar da ganye, gero ya sha rana ya sha taki a gindinsa. Da rani ya yi inuwa, awaki su ci 'ya'yansa. Gonaki dai sun yi ƙanana, domin jama'a ta yi yawa.

Zumunci da na tsallake yana nan?

Turawan Faransa da Ingila ne suka ja layin nan a farkon shekarun 1900, ya ratsa tsakanin dangi. Har yau ana kai amarya daga ƙasar Daura zuwa Kance, ana zuwa suna da ta'aziyya a kan babur. Shekarar da damina ba ta yi kyau ba, gidan kawu na can shi ne masaukin ɗan cin rani.

In an rufe iyaka fa?

An gani a Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, an sake gani bayan juyin mulkin Yulin 2023 har Maris 2024. Dabbobi suka karye a kasuwa, masara ta yi tsada, manyan motoci suka daina bi ta mashigar iyaka ta Ɗan Barto. Mai rumbun gero da 'yar fadama ne ya fi jurewa.