Gwajin suga ta numfashi: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Wai akwai na'urar da zan hura wa iska ta faɗa min sugana?

A ɗakunan bincike ana ta gwadawa. Wadda za ka dogara da ita ka ƙara ko ka rage insulin kuwa, babu tukuna.

To me take aunawa?

Asiton. Idan jiki ya kasa amfani da suga sai ya koma ƙona kitse, hanta ta samar da sinadaran kiton, wani kaso daga cikinsu, wato asiton, ya fito ta huhu. Tun 1971 masanin kimiyya Linus Pauling na Amurka ya nuna akwai sinadarai kusan 250 a numfashin mutum. Asiton ɗaya ne daga ciki, kuma shi ba suga ba ne.

Agogon hannun da ake tallatawa fa?

A Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta gargaɗi jama'a kan agogo da zoben da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba. Kada ka zubar da kuɗinka.

Ina azumi, na hura na'urar kiton, adadin ya hau. In karya?

Ya danganta, shi ya sa ba na son amsa wannan daga nesa. Azumi kaɗai yana ɗaga asiton ko ga mai lafiya, haka ma motsa jiki da rage tuwo da shinkafa. Saboda haka adadin shi kaɗai bai isa hujja ba. Huda yatsa tukuna. In suga ya gaza 70 ko ya haura 300 a ma'aunin mg/dL, karya azumin, kada ka tsaya jayayya. In yana tsakani kuma garau kake, mai yiwuwa yunwa ce, amma ka sake gwadawa an jima. Sai dai mai ciwon suga nau'i na ɗaya, ko mai shan maganin suga irin empagliflozin, kiton na iya taruwa a jininsa alhali suga bai yi sama sosai ba. In akwai amai, ciwon ciki, ƙishirwa mai tsanani, numfashi sama-sama, ko bakin yana warin maganin goge jan farce, a wuce asibiti nan take. Wallahi wannan yana kisa, ba a jira masa magariba.

Yatsuna sun gaji da huda.

Na sani, Allah Ya ƙara sauƙi. Riƙa huda gefen yatsa, kana sauya yatsa, kana kuma sauya allura. In da hali, akwai 'yar na'urar auna suga, FreeStyle Libre, da ake mannawa a damtse ta yi kwana 14.